Abin da Ya Tare wa Baba Fitsari

Gwenhure, Bikita,
Watan Nuwamba.

Zuwa ga Baffana Pedzisai, ƙanin mahaifina,

Bayan gaisuwa irin wadda ta wajaba a kan 'ya ga ubanta, da durƙuso da tafi kamar yadda aka koya mana, ina fatan wannan takarda ta same ku cikin ƙoshin lafiya, ku da matarku Maman Tsitsi da yara, a can Johannesburg da muke kira Joni. Ina roƙon Allah Ya tsare ku daga sharrin birni, Ya ƙara muku lafiya da nisan kwana, Ya kuma ba ku kunnen sauraro, don shi na fi roƙa muku a 'yan kwanakin nan. Mu nan muna nan yadda muke. Ruwan farko ya sauka, an fara shukar masara da tamba, jar saniyar nan ta haifi ɗan maraƙi. Gwiwar Mama tana nan tana damunta, amma ba ta fasa zuwa gona ba. Ƙanina Kudzanai ya sake wa ɗakin girki jinka kafin ruwa ya yi ƙarfi. 'Ya'yana suna Masvingo wajen uwar mijina, ni kuwa na rufe teburina na kasuwa tun watan Agusta na dawo gida na zauna, kuma kun fi kowa sanin dalili.

Za ku yi mamakin ganin takarda a zamanin da kowa ke da waya a aljihu. Tunda kun cire ni daga zauren wasap na dangi, kun kuma toshe lambata, wai ni yarinya ce marar kunya mai mayar wa manya magana, sai na sayi biro. Na ba Jokonia direba takardar, na ce ya damƙa muku hannu da hannu, ya tsaya har ku buɗe. Yarinyar da kuke faɗa furfura ta fara fito mata a goshi, kuma ita ta riƙe kan yayanku a cinyarta ranar da kuke can kuna aiko da hukunci. Don haka ku daure ku karanta har ƙarshe, in ya so ku yaga.

Yayanku yana raye. Na fara da wannan ne don ban ji kun tambaya ba. Yana gida, yana cin tuwonsa na sadza, yana fitowa ya sha hantsi, da roba a jikinsa da jakar fitsari ɗaure a cinya cikin wando. Ya rame ƙwarai, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. An ba shi rana a babban asibitin lardi, farkon sabuwar shekara, don a yi masa aiki ya rabu da robar. Amma ya rantse ba zai kwanta a teburin likita ba sai Maman Rufaro, matar maƙwabcinmu Chikwanda, ta koma ɗakinta wajen 'ya'yanta. Komawarta kuwa a bakinku take, tunda bakinku ne ya fitar da ita. Kun yi ta faɗa wa dangi cewa ku shawara kawai kuka bayar. To bari in gaya muku abin da shawarar ta yi, tun daga farko.

Ciwon nan ba a watan Agusta ya fara ba. Shekaru ke nan Baba yana fama, kowa a gidan nan ya sani, kowa kuma ya kawar da kai. In ya zagaya bayan garke sai ya daɗe har a manta da shi, yana tsaye yana jira, abin ya zo ɗis-ɗis, ya dawo ya zauna, kafin shayinsa ya huce ya sake miƙewa. A coci ya bar kujerar dattawa ta gaba ya koma bakin ƙofa, ya ce wai zafi ke damunsa. Ya daina zuwa Masvingo ganin jikokinsa don bas ba ta tsayawa a hanya. Mama ce ke wanke masa wanduna da sassafe, ta shanya a bayan rumbu inda ba mai gani. Da na taɓa yi masa maganar asibiti sai ya harare ni, ya ce tun yaushe 'ya ta fara leƙa wandon ubanta. Haka kuke ku mazan gidanmu, mutum ya gwammace ya mutu a tsaye da a ce an ji yana da ciwo a ƙasan cibiya.

Sai ga bikin dawo da ruhun marigayi Baffa Gwinyai gida, wanda ba ku zo ba, kuka aiko da jakar kaya a madadinku. A cikin jakar, tsakanin sukari da man girki da barguna, akwai kwalin ƙwayar mura. Kun rubuta a jikinsa da hannunku cewa na Yaya ne, ya riƙa shan bibbiyu, maganin Joni ba irin na ƙauye ba ne. Mura kuwa ta kama shi a sanyin nan na Agusta, ya yi ta watsa ƙwayar a baki kamar gyaɗa don ƙaninsa ne ya aiko. Ranar biki shi ne babba. Shi zai zuba giyar tamba a kabari, shi zai kira sunayen kakanni, duk ƙwaryar da aka ɗebo daga tulu shi ake fara miƙa wa. Ya wuni zaune a kujera ɗaya ya matse, surukai a gabansa, don babba ba ya tashi a tsakiyar hidima ya nufi bayan garke a idon surukansa. Washegari ya je ya tsaya, ko ɗigo bai zo ba. Ya koma ya sake komawa, har mararsa ta kumbura ta yi tauri kamar duma.

Kudzanai ya rikice, ya ɗauki hoton cikin Baba ya saka a zauren dangi yana neman shawara. Kafin kowa ya ce uffan sai ga saƙon muryarku. Na haddace shi, don babu wayar da ba ya ciki a Gwenhure yanzu. Da dariya kuka fara. Kun ce wai ku wannan ba baƙonku ba ne, kun sha ganin irinsa a wajen masu haƙar ma'adinai, runyoka ce, wani magidanci ne ya ɗaure matarsa da asiri, tsoho kuma ya je ya taɓa abin da ba nasa ba. Kun ce kada wanda ya kuskura ya kai shi asibiti, allura na taɓa shi cikin zai fashe, mijin da ya ɗaure shi kaɗai zai kwance. Kun ce kun san yayanku tun yana saurayi, ba ya ganin zani ya wuce. Sannan kuka rage murya kamar mai faɗin sirri, a zauren da ya tara dangi kaf har da jikoki, kuka ce a tambayi matar Chikwanda me take zuwa yi gidanmu kullum alhali mijinta yana can ramukan zinariya na Mberengwa, kuma me ya sa shanun Yaya ne ke yi mata huɗa kowace damina.

Ina isowa daga Masvingo na tarar an shimfiɗe Baba a tabarma gindin mangwaro, dattawan gidanmu sun kewaye shi, mata an kora su bakin ɗakin girki. An ajiye waya a tsakiya ana ta maimaita muryarku. Na durƙusa daga nesa na tafa hannu, na roƙi a ba ni shi in kai shi asibitin mishan. Tsoho Mapuranga, ɗan baffanku, ya ce 'yar da aka karɓi shanun aurenta ba ta da baki a maganar maza, in koma wajen mata in hura wuta. Suka yi ta matsa wa Baba. Ya ce bai taɓa matar kowa ba, suka ce to ka mutu da taurin kanka. Ya rantse da kabarin uwarsa, uwarku, suka ce baki na ƙarya amma ciki ba ya yi. Mutumin nan da ban ga hawayensa ba ko ranar da aka binne autarsa, ga shi yana birgima yana cizon tabarma yana kiran uwarsa. Aka kwana a haka, aka kuma wuni. Daga ƙarshe ba ma shi ya faɗi sunan ba. Su suka faɗa masa, sunan da kuka ba su, suka ce ka ce e kawai a kira mijin ya kwance ka ka huta. Ya ce e. A halin da yake ciki, da sun ce masa matar fasto ce, ko ni ce ma, e ɗin zai ce.

Aka kira Chikwanda a waya, ya baro rami ya zo da ƙurar jikinsa. Ya rantse shi bai taɓa taka ƙofar boka ba, bai ɗaure kowa ba. Bokan da Mapuranga ya ɗauko ya ce ai ba sai ya sani ba, wataƙila ubansa ne ya ɗaure masa tun ranar aure. Aka ba shi wata wuƙa mai ninkewa, aka ce ya buɗe ta a kan cikin Baba yana cewa ya sake shi. Ya buɗe, ya rufe, ya sake buɗewa, dattawa sun zuba wa wandon tsoho ido. Babu abin da ya fito. Boka ya ce zuciyar mijin ce ba ta huce ba, a kawo baƙar akuya. Chikwanda ya jefar da wuƙar ya nufi gidansa. Daga nan muna jiyo abin da ya yi wa matarsa, muna jiyo kukan yaran, kafin rana ta faɗi ya watso mata kayanta waje.

Mama ce ta kawo ƙarshen wasan. Ta shiga garke ta fito da shanun huɗa, ta ɗaura musu amalanke da wannan gwiwar tata, ta jawo har gindin mangwaro. Mapuranga ya miƙe zai tare ta, ta ce masa in yana da ƙarfin tare hanya to yana da ƙarfin ɗaukar mutum, ya kama ƙafa ko ya kauce. Ya kauce. Ni da Kudzanai muka ɗora Baba. A hanya na duba waya na ga kun sake aiko da saƙo, wai duk wanda ya kai shi asibiti jininsa na wuyansa. Na ba ku amsar da na ba ku, kuka cire ni daga zaure, kuma har yau ban yi nadamar ko kalma ɗaya ba.

A asibiti nas ya taɓa marar sau ɗaya, ya ce mu mata mu fita. Kudzanai ya ce da aka zura robar, abin da ya fito sai da ya cika kwano aka sauyo wani. Cikin bai fashe ba, Baffa. Da muka shiga muka tarar Baba ya yi barci baki buɗe. Likitar mace ce mai faɗin magana ba kwana-kwana. Ta zaunar da mu ta ce kowane namiji yana da wata 'yar tsoka a ƙasan mafitsara, su suna ce mata furostet. A ƙuruciya ba ta wuce ƙwan tattabara ba, kuma ta tsakiyarta hanyar fitsari ta bi. In mutum ya fara manyanta sai ta yi ta girma a hankali tana shaƙe hanyar, kamar an taka tiyon ban ruwa. Ta Baba ta kusa girman lemo. Ta ce ba zunubi ke kawo ta ba, tsarki kuma ba ya hana ta, shekaru ne kawai, yawancin tsofaffi suna da ita, sai dai wani ta matsa masa wani ta ƙyale shi. Ta ce ba ita kaɗai ke wahalar da tsoho a wajen fitsari ba, shi ya sa sai ta gwada ta gani. Ciwon suga kan sa mutum ya yi ta zirga-zirga, ya kuma raunana mafitsara. Tsakuwa kan toshe hanya. Fitsarin da ba ya fita duka kan kwanta ya jawo ƙwayoyin cuta. Tsohon tabon tsargiya ko na ciwon sanyi kan ƙuntata bututun, wani lokaci kuma ciwon daji ne. Ta ɗebi jininsa, ta duba shi yadda suke dubawa, ta ce ba ta ga alamar suga ko daji ba, muka gode wa Allah.

Sai ta ce abin da take son sani shi ne me ya sa hanyar da ke ɗiga shekara da shekaru ta rufe ruf a rana ɗaya, me ya ci, me ya sha. Mama ta kwance bakin zaninta ta fito da kwalinku. Likita ta karanta bayansa ta girgiza kai. Ta ce irin wannan ƙwayar mai busar da hanci tana tsuke bakin mafitsara, ta kuma rage mata ƙarfin turawa. Ga saurayi ba komai ba ne, amma ga tsohon da hanyarsa ta riga ta ƙuntace, ita ke ƙarasa rufe ƙofar, balle an haɗa da giya da sanyi da wunin matsewa da cikin da ya yi kwanaki bai fita ba. Ta ce jinkirin da aka yi ya sa fitsari ya koma sama ya taɓa ƙodarsa, da an ƙara kwana gindin mangwaro da ba ita za a kawo wa shi ba. Ta tambayi wanda ya ba shi ƙwayar. Baba ya kafa wa rufi ido. Ku riƙe wannan, Baffa. Sunan matar mutane sai da azaba aka ƙwata a bakinsa, naku kuwa ana tambayarsa cikin lalama ya ƙi faɗa.

Ɗakin maza na asibitin cike yake da tsofaffi masu jaka. Akwai wani tsohon hedimasta, akwai fasto mai ritaya, akwai wani makaho da matarsa ke yi masa jagora. Da labarin runyoka ya kai musu suka yi ta dariya suna dafe da robobinsu. Hedimasta ya ce in haka ne to matan Bikita sun ƙare, ya kamata gwamnati ta ba tsofaffin wannan ɗaki lambar yabo. Makahon ya ce shi dai a taimaka a nuna masa wadda ya je wa, ko godiya ya yi mata, don ba ya tuna komai. Matarsa ta ce ya rufa wa kansa asiri, shi da ko takalminsa sai an sa masa. Baba bai yi dariya ba. Ya juya fuskarsa bango ya tambaye ni ina Maman Rufaro take.

To ga inda take. Da mijinta ya kore ta, ta je gidan iyayenta, yayyenta suka ce ba za su karɓi abin kunya ba. Matan zumuntar coci suka aiko aka karɓe jar rigarta da farar hularta, rigar da ta yi shekaru tana sawa kowace Alhamis. A rijiya in ta zo sai a janye bokiti. Rufaro ta daina zuwa makaranta don yara na yi mata waƙa da sunan Baba. Ranar da muka dawo daga asibiti muka tarar da matar nan a zaune a bakin shagon niƙa da ƙullin kayanta, idonta ɗaya bai gama buɗewa ba. Mama ta tsayar da amalanke ta ce mata hau. Yanzu haka a ɗakin girkinmu take kwana. Matar da kuka ce an ci amanarta ita ta ba ta tabarma, kuma in kun ga yadda suke tsintar wake tare, ba za ku iya cin abinci ranar ba.

Baba na samun ƙarfin tsayuwa ya ja sandarsa ya je wajen mai gari, a gaban jama'a, ya ce ƙarya ya yi, azaba ce ta sa shi. Dattawa suka ce kowane ɓarawo in ya warke haka yake faɗa, likita kuma nata ta sani, ba ta san na gargajiya ba. Mashayan bakin shago kuwa suka sa masa suna bijimi, in ya wuce su tafa masa, su kira shi da kirarin gidanmu, Shumba, wato zaki, su ce a shekarun nan har yanzu ana farauta. Yana dawowa gida ya shige ɗaki ya ƙi cin abinci. A zama na biyu Mama ta miƙe ba tare da an ba ta izini ba. Ta ce ita ke kwana da mutumin nan tun kafin a haifi rabin waɗanda ke zaune a wurin, kuma tana shaida musu cewa shekaru ke nan mijinta ba shi da abin da zai kai wa wata mace, ko ita ko waninta, ɗakinsu ɗakin wa da ƙanwa ne. Ta ce ta yi shiru gindin mangwaro don ta rufa masa asiri, shirun nata ya cinye 'yar mutane, yanzu ta gama shiru. Mai gari ya dubi Baba. Baba ya cire hularsa ya ce gaskiya ta faɗa. Kun san abin da wannan yake nufi ga namiji a garin nan. Yayanku ya tuɓe a gaban Gwenhure don ya wanke abin da kuka ɓata kuna kwance a kujerarku ta Joni.

Duk da haka Chikwanda bai mayar da matarsa ba. Ya same ni a hanyar gona, ba ya iya haɗa ido da ni, ya ce shi a ransa ya san matarsa, ya kuma san ya zalunce ta. Amma a ramin zinariya, in ya sauka, abokan aikinsa muryarku suke kunna masa, har sun iya kwaikwayon dariyarku. Ya ce in ya mayar da ita yanzu za su ce tsoho da tsohuwa sun haɗa baki sun yi masa wayo. Ya ce wanda ya faɗa ƙanin mutumin ne, ciki ɗaya, mai ilimi, mazaunin Joni, to sai wannan muryar ta janye da kanta. Ban ce yana da gaskiya ba, matsoraci ne, amma ba shi ya fara ba. Kun san a al'adarmu ba a zaman shari'a a watan Nuwamba, don haka mai gari ya ɗaga maganar zuwa Disamba, lokacin da ku 'yan Joni kuke dawowa da manyan motoci. In ba a wanke ta a wannan zaman ba za a raba auren, yaran kuma na uba ne tunda an ba da shanu. Ƙaraminsu bai daɗe da barin nono ba, kullum da yamma yana tsayawa a jikin shinge yana leƙen ɗakin girkinmu.

Abin da nake nema a wajenku ba shi da wuya. Ku ɗauki wayar nan taku ku yi saƙon murya a zauren da kuka yi na farko, da ƙarfin muryar da kuka yi na farko, ku kira sunan Maman Rufaro ku ce ƙage kuka yi mata, ba ku ga komai ba, ba ku san komai ba. Sannan ku zo zaman Disamba ku maimaita a tsaye a gaban mai gari. Kada ku aiko da barguna. Kada ku aiko da Maman Tsitsi ta yi mana kuka a waya. In kun ga girmanku ya fi ƙarfin wannan, ku tuna abin da Mama da Baba suka faɗa a bainar jama'a, ku gwada da naku ku gani.

Akwai kuma maganar da 'ya ba ta yi wa uba, amma tunda an riga an sa min suna marar kunya, bari in ci sunan. Kirsimetin bara ina kallonku. Sau nawa kuka tashi daga cin abinci kuka zagaya bayan garke, kuma sai sadzarku ta huce kafin ku dawo. Jokonia ya ce babu fasinjan da ke tsayar masa da mota tsakanin Musina da Ngundu kamar ku, har ya san bishiyoyinku. Maman Tsitsi da kanta ta roƙe ni tsohon gwangwani ta kai muku ɗaki don fitsarin dare. Likita ta ce abin yakan bi 'yan'uwa maza, ta ce in Baba yana da ƙane a gaya masa ya je a duba shi tun hanya na ɗiga, akwai ƙwayar da ke sassauta ta. To na gaya muku, na fita haƙƙinku. Ku je asibiti, ku kuma daina shan maganin murar nan. In kun ƙi, ranar da taku ta rufe ina son in ji sunan matar da za ku kama. Mama ta tsinci wuƙar nan a gindin mangwaro ta adana, ta ce taku ce, tana jiran ku.

Kun tambayi dangi me matar Chikwanda take zuwa yi gidanmu kullum. Na ajiye amsar zuwa ƙarshe don ita ta fi ƙona min rai. Niƙaƙƙiyar gyaɗar nan da kuke aiko wa a kai muku duk zuwan Jokonia, wadda kuke cewa ta kanti ba ta kama ƙafarta ba, kuke yi wa abokanku alfahari da hannun matar Yaya, Mama ta daɗe da daina iya durƙusa wa dutsen niƙa. Maman Rufaro ce ke zuwa ta soya, ta murje, ta niƙa muku a dutse har tafin hannunta ya yi kanta. Huɗar da shanun Baba ke yi mata ladan wannan niƙan ne. Abin da ke kawo ta gidanmu ke nan, Baffa, cikinku ne.

Ku gaishe min da Maman Tsitsi da kyau, ba ni da komai da ita. Ku gaishe da Tsitsi da mijinta, da Anesu, da Panashe, Allah Ya ba shi sa'ar jarrabawa. Kudzanai da iyalinsa suna gaisuwa. Goggo Raviro ta ce a gaishe ku, ta ce ta ji muryarku ta ishe ta. Mama ba ta ba da saƙon gaisuwa ba. Baba ya ce in gaishe da ƙaninsa, in ce masa ya riƙa sa rigar sanyi.

Jokonia zai ba ku gwangwani biyu na niƙaƙƙiyar gyaɗa tare da wannan takarda. Ni na ce ba za a aika ba, gara in zuba wa kaji. Maman Rufaro ta ce a'a, an saba kai wa Baffa, kada ya ga mota ta zo babu. Jiya ta wuni a kan dutse tana niƙawa, ɗanta yana leƙenta ta shinge. Ku ci lafiya.

Ni ce 'yarku, ko kun so ko kun ƙi,
Shuvai Takawira.